Ruwan Khal a Girki da Tsaftar Gida: Inda Yake Aiki da Inda Yake Ɓarna

Assalamu alaikum jama'a. Ɗari ya shigo, salati ya fara cika babbar kasuwar Maradi daga garaken bakin Gulbi da na Jiratawa. Duk mai haɗa salati kuwa ba ta rabuwa da 'yar kwalbar nan ta ruwan khal, wato binegar. Ita za mu duba yau.

Ku kalli jikin kwalbar, za ku ga an rubuta 5, ko 6, ko 8. Wannan shi ne yawan sinadarin tsamin da ke ciki cikin ɗari, sauran kusan duk ruwa ne. Daga abu mai zaƙi ake samunsa, kamar rake, dabino, inabi ko tuffa. Yis ya fara ruɓar da sukarin, sannan wasu ƙwayoyin halitta su mayar da shi tsami idan iska na shiga. Louis Pasteur na Faransa ne ya bayyana aikin ƙwayoyin nan a shekarun 1860, amma cinsa ya daɗe ƙwarai. A Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya yabi khal da cewa madalla da mahaɗin abinci.

To uwar gida, duk aikin khal tsamin nan ne. In kin riƙe wannan, sauran mai sauƙi ne.

Ki yanka albasa siriri, ki zuba mata cokali biyu na khal da ɗan gishiri, ki bar ta minti 10. Dubi yadda ta yi laushi, yajin nan mai sa hawaye ya kwanta. Ita ce za ki ɗora kan gasasshen nama ko kwaɗon zogale. Masu awara ma, ranar da ruwan tsami ya yanke, khal yana kama madarar waken suya tsaf. A zuba kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali har ruwan ya ware.

Sai dai lokacin zubawa shi ne komai. Kin san kanwa muke sa wa wake don ya nuna da wuri. Khal kishiyar kanwa ne. In kika zuba shi tun waken na ɗanye, gawayinki zai ƙare waken bai yi laushi ba. Ganye ma tsami yana dusashe masa kore, don haka sai an zo ci ake zubawa. Kuma kada abinci mai khal ya kwana a tukunyar alminiyom, domin tsamin yana cin ƙarfen. A juye a kwalba ko roba.

Wajen tsafta, ga farin ɓawon nan da ruwa ke bari a gindin butar shayi. Rabi ruwa, rabi khal, a tafasa, a bari ya huce, a ɗauraye. Zai ɓamɓare da kansa. Bakin famfon da ya toshe ma haka, a jiƙa shi. Masu haɗa khal da bikarbonat, wato farar hodar nan ta soda, don ganin kumfa kuwa, asara suke yi. Ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya ne.

Khal na tuffa da ake tallatawa a Facebook wai yana narkar da tumbi, ni dai ban ba kowa shawarar kurɓarsa tsura ba. Yana zaizaye haƙora, yana ƙona maƙogwaro, mai gyambon ciki kuma zai ji a jikinsa.

Yanzu don Allah ku saurara da kyau, wannan ce ta fi damuna. Khal ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta, shi ya sa gidaje da yawa ke wanke salati da ɗigon jabel, wato ruwan bilic ɗin nan na wanki. Sai wata ta ce bari ta haɗa biyun ya fi ƙarfi. Kada ki kuskura! Khal da jabel in sun haɗu, iskar kulorin suke fitarwa, mai guba, mai ƙona ido da huhu. A ƙaramin banɗaki marar taga ta fi haɗari. In kin wanke salati da jabel, ki ɗauraye shi sosai da ruwa mai tsafta tukun, sannan khal ya shiga. In kuwa an riga an haɗa, a fita waje nan take, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da tagogi. Wanda tari ya sarƙe ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti ba tare da jira ba.