Fina-finan 'yan yakuza na shagon hayar kaset

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai leƙa ƙasar Japan, wajen fina-finan 'yan dabarsu, wato 'yan yakuza, waɗanda tun asali aka yi domin shagunan hayar kaset.

A 1989 ne kamfanin shirya fina-finai na Toei ya buɗe wannan kasuwa da sunan V-Cinema. Lissafinsa a fili yake: jama'a sun rage zuwa silima, bidiyo ya shiga yawancin gidaje, masu shaguna kuma kullum suna neman sabon kaya. Sai a ba darakta kuɗi kaɗan, a ce ya gama ɗauka cikin mako ɗaya ko biyu. Mai haya kuwa galibi namiji ne da ya taso daga aiki cikin dare, kuma bangon kaset yake dubawa ya zaɓa. Idan ya ga fuska a murtuke, baƙin tabarau, bindiga a hannu, da zanen tatu ya rufe gadon baya, shi ke nan ya sa hannu a aljihu.

Fuskoki biyu suka fi cin wannan kasuwa, Riki Takeuchi da Sho Aikawa. Daga 1992 Takeuchi ya riƙa fitowa a jerin Minami no Teio a matsayin mai ba da bashi da ruwa a birnin Osaka, yana karɓar kashi 10 cikin 100 duk kwana 10. Jerin ya haura fim 60. Ba abin mamaki ba ne, don a daidai lokacin tattalin arzikin Japan ya yi kwance, farashin filaye da hannun jari ya faɗi warwas, bashi ya yi wa mutane katutu. Masu kallo sun san irin ƙwanƙwasa ƙofar da ake nunawa.

A ganina, rashin kuɗin nan shi ya yi wa fina-finan rana. Tunda abin da aka zuba bai taka kara ya karya ba, manyan kamfani ba sa tsayawa a kan darakta. Muddin akwai jarumin da za a liƙa a bango, akwai harbe-harbe, to ya yi abin da ya ga dama da sauran. A nan darakta Takashi Miike ya fara a 1991, yana fitar da fim uku ko huɗu a shekara, kafin duniya ta san shi. A nan darakta Kiyoshi Kurosawa ya goge, yana aiki da Aikawa. Gaskiya dai da yawa daga cikin fina-finan tarkace ne, labari ɗaya ake ta maimaitawa: yaro ya yi wa ubangida biyayya, a ci amanarsa, ya ɗau fansa. Amma a cikin tarkacen aka horar da gwanaye.

Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don fim ɗin Hausa na Kano ma a kaset ya taso a 1990, shekara guda bayan Toei.

Yau shagunan haya na ta rufewa a Japan, su kansu 'yan yakuzan dokar yaƙi da ƙungiyoyin daba da ta fara aiki a 1992 da waɗanda suka biyo baya sun karya lagonsu. Duk da haka jerin fim ɗin yakuza na Nihon Toitsu, wanda aka fara a 2013, ya wuce fim 50, kuma yanzu ta intanet ake kallonsa.