Kafin ka ce batir ya mutu

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, ba mu da lasifika. Abu uku zan faɗa kan batirin tsohuwar mota.

Na farko, awo. Mota ta ƙi tashi da safe, mai ita ya ce a sayo sabon batir. Sabon ma kwana biyu ya kwanta. Kai yaron gareji, ɗauko mitar awon wuta tukuna. Mota a kashe, ta huta, batir mai lafiya zai ba ka bolt 12.6. In ka ga 12.0, cajinsa ya kusa ƙarewa. Sai ka tayar da inji, ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. In bai kai 13 ba, altaneta, wato ɗan janaretan da ke cajin batir, ba ya caji, ko bel ya saki, shi ne kukan nan cii-cii da kuke ji da safe. In ya haura 15 kuwa, dafa batirin yake yi, har ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Yauwa, tunda mun taɓo altaneta. Don girman Allah ku daina cire kan batir inji na aiki, wai ku ga ko yana caji. Ku daina! Na ga wani yana murmushi, na san ogansa haka yake yi. Wannan dabarar zamanin Peugeot 504 ce da ake haɗawa a Kaduna, mota mai kafireto, ba kwamfuta a jikinta, ta shanye wulaƙanci ta wuce. Golf 3 da Corolla da ke shigo muku yanzu suna da kwamfutar inji. Batir shi ke shanye wutar da ta yi tsalle. Ka cire shi, wutar ta tafi ina? Kan kwamfuta, kan rediyo, kan dayod ɗin altanetan kansa, wato abin da ke hana wuta komawa baya. An kawo maka mota da ciwon caji, ka mayar da ita ana ja da igiya. Kuma gwajin ƙarya yake yi: altaneta mai rauni zai iya riƙe inji a silo, ka ce lafiya lau, a kunna fitila da esi ya durƙushe. To me ka gwada? Mita nawa take? Ba ta kai kuɗin kwamfutar ba ko kusa. Ku daina, na sake faɗa.

Na uku... ina, na biyu muke ko? To, farin garin nan na kan batir, a wanke da ruwan zafi, a goge, a ɗaure tam. A duba wayar da ta sauka a bodi.

Sai ɓarawon dare, wato abin da ke shan wutar batir mota na kashe. Cire kan negetib, sa mita tsakanin batir da wayar da ka cire, saita ta a kan amfiya 10, rufe ƙofofi, jira kamar rabin awa. In ya wuce miliamfiya 50, akwai mai sha. Ciro fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Yawanci fitilar but ce, ko rediyon da wani ya jona kai tsaye. Kuma kada ka yi kik mita na tsakani.

Na'am? Ɗaga murya. Ya ce ya cire fiyus kaf, wuta na tafiya. Madalla da tambaya, ɗana. Dayod ne ya huje, wuta na komawa cikin altaneta da dare. Raba batir tukuna, kwance babbar wayar bayan altaneta, naɗe bakinta da tef, mayar da mita. In lambar ta faɗi, kai shi wajen mai rewaya a canza dayod. Wa ke da mita a nan? Kawo, mu fita wajen motar.