Arthas da Birnin Stratholme: A Ina Laifin Ya Fara?

Assalamu alaikum masu kallo. Tun 2002 da kamfanin Blizzard ya fitar da wasan kwamfuta na Warcraft III ake tafka muhawara a kan Yarima Arthas, ɗan Sarki Terenas na masarautar Lordaeron. Wasu na cewa mugu ne tun fil'azal, wasu na cewa yaron kirki ne da ƙaddara ta rutsa da shi. Duk sun fi tsayawa a kan abin da ya faru a Stratholme. Mu kuwa muna ganin hujjar da ta fi ƙarfi tana can gaba, kuma za mu bi matakan wasan mu nuna muku.

Mu fara da abin da Arthas ya sani kafin ya isa ƙofar birnin, domin ba a yi wa mutum hukunci da ilimin da bai da shi. A mataki na huɗu ya gano cewa matsafin nan Kel'Thuzad da mabiyansa sun sa annoba a hatsin da ake rarrabawa daga Andorhal. A mataki na biyar, a garin Hearthglen, ya gani da idonsa abin da hatsin ke yi: wanda ya ci ya mutu, sannan gawarsa ta tashi ta shiga rundunar abokan gaba. Minti 30 ake ba mai wasa ya tsare garin kafin Uther, malamin Arthas, ya kawo ɗauki, kuma duk wanda ya buga matakin ya san yadda rundunar matattun ke ƙaruwa da kowane ƙauyen da ta cinye.

To, yana isa Stratholme sai ya tarar an riga an raba hatsin. Ba magani a hannu, ba lokaci, ga kuma Mal'Ganis, shugaban aljanun da ke jan ragamar annobar, yana cikin birnin yana tara mutane. Gaba kura, baya sayaki. Sai ya ba da umarnin a hallaka mutanen birnin kafin su rikiɗe.

Nan ne masu kare shi suke da ƙarfi, kuma gaskiya ba za a raina hujjarsu ba. Uther, malaminsa kuma shugaban mayaƙan Silver Hand, ya ƙi bin umarnin, ya ce dole akwai wata hanya, amma bai faɗi hanyar ba. Jaina, abokiyar tafiyarsa, ita ma ta ce ba za ta iya kallo ba, ta juya. Ku lura da kyau: ba wanda ya tsaya ya hana shi, ba wanda ya shiga birnin ya fito da ko yaro ɗaya. Sun wanke hannunsu, mutanen Stratholme kuwa ba abin da hakan ya tsinana musu. Don haka su ma suna da nasu kason laifin.

Amma masu kare Arthas suna tsallake abubuwa biyu. Bai tsaya ya tantance wanda ya ci hatsin da wanda bai ci ba, birni guda ya yanke wa hukunci ɗaya. Sannan da Uther ya yi masa gardama, bai nemi shawara ba, sai ya kira hakan cin amanar ƙasa, ya tuɓe shi daga muƙaminsa nan take. Mutumin da ceton jama'a ne kawai a gabansa zai so a kawo masa mafita. Shi kuwa gardamar ce ta fi yi masa zafi.

Yanzu ku dubi saman allo a matakin Stratholme. Lambobi biyu ne: naka da na Mal'Ganis, wanda ya riga kaiwa 100 shi ya ci. Za ka rushe gida, mutanen ciki su fito, cikin ɗan lokaci su rikiɗe, kai kuma ka gama da su kafin abokin hamayya ya kwashe. Ba maɓallin ƙin yarda. Wannan tsari yana da tasiri a kan muhawarar fiye da yadda ake zato, domin duk mai kare Arthas da hannunsa ya yi kisan, yana ƙirga mutane yana sauri. Wasan ya sa ka cikin gaggawar da yariman ke ciki, shi ya sa uzurinsa ke saurin shiga zuciya.

Ga wurin da muke so ku tsaya. Bayan Stratholme, Arthas ya bi Mal'Ganis zuwa Northrend, nahiyar ƙanƙara. A mataki na takwas manzo ya zo da umarnin sarki cewa rundunar ta koma gida. Sojoji suka kama hanyar bakin teku. Me Arthas ya yi? Ya ɗauki sojojin haya, ya riga mutanensa isa, ya ƙone jiragen ruwan da za su mayar da su. Da sojojinsa suka iso suka ga hayaƙi, sai ya nuna musu sojojin hayan ya ce su ne suka yi ɓarnar, aka kashe su a gabansa. Abokinsa Muradin ya faɗa masa gaskiya ido da ido, bai saurara ba.

Ku auna wannan da ma'aunin da muka yi amfani da shi ɗazu. Akwai annoba a jiragen? Babu. Akwai wata hanya? Akwai, a fili take: ya bi umarnin mahaifinsa ya koma. Wa ya amfana? Ba talakan Lordaeron ko ɗaya. Ya yi ƙarya, ya ci amanar waɗanda suka yi masa aiki, ya tsare sojojinsa a ƙasar da za ta cinye su, duk don ya kai ga Mal'Ganis da ya wulaƙanta shi. A Stratholme kishin jama'a da girman kai a cakuɗe suke, ba ka iya raba su. A bakin tekun Northrend girman kai da ramuwa ne tsantsa.

Saura uzuri na ƙarshe, wanda aka fi ji: ai takobin Frostmourne ne ya sace ransa, muryar Lich King, sarkin rundunar matattu, ce ke juya shi. Haka ne, amma ku duba jerin matakan. Jiragen a mataki na takwas aka ƙone, takobin a na tara ya ɗauka. Kuma ba a ɓoye masa komai ba. Mai gadin wurin da takobin yake ya ce Arthas ɗin yake ƙoƙarin karewa daga takobin, Muradin ya karanta rubutun da ke jikin dutsen ya ce masa la'ananne ne, su bar shi su tafi. Arthas ya ce ya yarda da kowace la'ana, ya miƙa hannu. Abin da ya aikata bayan nan, har da komawa Lordaeron ya kashe mahaifinsa a fadarsa, ana iya jayayya a kan nawa ne nasa, nawa ne na Lich King. Ƙona jiragen da miƙa hannun kuwa da hankalinsa ya yi su.