Wai Me Aka Ɗauke Wa Masoyan George Smiley?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Akwai wata ɗabi'a ta wasu masu karatu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce yanke wa littafi hukunci tun kafin a buɗe bangonsa. Abin da ya sake tayar mini da ita shi ne yadda wani ɓangare na masoyan labaran leƙen asiri suka karɓi littafin Karla's Choice, wanda ya fito a watan Oktoban 2024. Tun daga ranar da aka ba da sanarwar cewa yana tafe suka fara tsine masa, alhali ko shafi guda ba su gani ba. Laifinsa ɗaya a wurinsu: jarumin da ke ciki, George Smiley, na marigayi John le Carré ne, amma wanda ya riƙe alƙalamin ɗansa ne, Nick Harkaway.

Ga wanda bai san zancen ba, a taƙaice. John le Carré sunan alƙalami ne, sunansa na yanka David Cornwell. Ya yi aiki da hukumomin leƙen asirin Birtaniya guda biyu, MI5 da MI6, har aka tura shi Jamus a lokacin yaƙin cacar baka, kafin ya ajiye aikin ya koma rubutu kacokan. A 1961 ya fito da Smiley, wani gajeren mutum mai ƙiba da tabarau, wanda in ka gan shi a hanya ba za ka waiwaya ba, amma kansa ya fi na kowa aiki a hukumar. Babban abokin gabarsa shi ne Karla, uban 'yan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet. Le Carré ya rasu a watan Disambar 2020 yana da shekara 89. Ɗan nasa kuwa ya je ya nemo wani giɓi da uban ya bari a tarihin Smiley, tsakanin The Spy Who Came in from the Cold na 1963 da Tinker Tailor Soldier Spy na 1974, ya dasa labarinsa a farkon wannan giɓin, a shekarar 1963, bayan mutuwar Alec Leamas, jarumin wancan littafin na 1963, a jikin katangar Balin.

Iyakar abin da ya faru ke nan. To, ina so masu wannan fushi su amsa mini tambaya ɗaya: me aka ɗauke muku?

Littattafai tara ne Smiley ya fito a cikinsu daga hannun le Carré, na ƙarshensu a 2017. Duk taran suna nan. Ba a janye ko ɗaya daga kasuwa ba, ba a goge layi ba, ba a canja ƙarshen labari ba. Wanda yake da su a kan kanta, ya je ya duba yau da dare, zai tarar da su yadda ya bar su. In sabon littafin ya yi kyau, an ƙara maka na goma. In bai yi ba, ka ajiye shi, taranka ba su ragu ba. Ina asarar take?

Suna cewa wai a bar Smiley ya huta. Haba jama'a! Smiley ba gawa ba ne da za a ce an tone masa kabari. Mutum ne na takarda, rayuwarsa duka tana hannun masu karanta shi, kuma ranar da aka daina buɗe littattafan nan, ranar ce za a iya cewa ya tafi. Ko shi le Carré ɗin bai bar shi ya huta ba. Ya rufe labarin Karla a 1979, ya sake kawo Smiley a 1990, sannan bayan shekara ashirin da bakwai ya ƙara kiran sa. Hukumar BBC ta sa Alec Guinness ya taka shi a talabijin a 1979, Gary Oldman ya taka shi a fim a 2011. Kowane ɗayansu ya sa wa Smiley fuska da murya da tafiya irin tasa, waɗanda ba le Carré ya zana su ba. Me ya sa ɗan wasa zai ari Smiley a tafa masa, marubuci ya are shi a ce ya yi saɓo?

Suna kuma cewa ɗan yana cin abinci ne da sunan ubansa. Wannan maganar ta fi ba ni haushi, don rashin sani ne tsagwaronsa. Nick Harkaway ya fitar da littafinsa na farko tun 2008, ya biyo da wasu, irin su Angelmaker da Gnomon, a wani fanni da bai haɗa hanya da na mahaifinsa ba, da wani suna da babu wanda zai ji ya tuna le Carré. Mutumin da ya shafe shekara goma sha shida yana gina nasa gidan da nasa sunan, shi ne yau za a kira mai raɓewa? Kuma shi ne ya tsaya a kan Silverview, littafin da uban ya bari ba a buga ba, har ya fito a 2021. Ya sha faɗa cewa ya tashi ne yana jin mahaifinsa na karanta wa mahaifiyarsa shafukan da ya rubuta, ita kuma tana buga su a keken rubutu. Mu a nan mun san ɗan maƙeri da ya gaji maƙera. Babu manomin da ke ƙin sayen fartanyarsa don kawai ubansa ya fi shi suna, babu kuma wanda ke saye don kunyar uban. Ana kai ta gona ne a ga ko za ta sari ƙasa. Zama ɗan le Carré bai sa littafin ya yi kyau ba, bai kuma sa ya lalace ba. Sai an karanta.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne yadda ake yi kamar yau aka fara. Ku dubi James Bond, wanda ko yaran da ba su taɓa riƙe littafinsa ba sun san lambarsa ta 007. Ian Fleming ya fara shi a 1953, ya rasu a 1964, ya bar ƙagaggun labarai goma sha biyu da kundin gajerun labarai biyu. Shekara huɗu kacal da rasuwarsa, a 1968, Kingsley Amis ya rubuta Colonel Sun da sunan aro na Robert Markham. Daga 1981 zuwa 1996 John Gardner shi kaɗai ya rubuta sababbin labaran Bond goma sha huɗu, wato ya zarce mai abin a yawa. Bayansa Raymond Benson ya karɓa, sai Sebastian Faulks a 2008, Jeffery Deaver a 2011, Anthony Horowitz da littattafai uku, har zuwa Charlie Higson da ya fitar da nasa a 2023, daidai da bikin naɗin Sarki Charles. Kusan kowane ɗayansu ya sha suka. An ce wannan ya tsufar da Bond, wancan ya mai da shi Ba'amurke, na ƙarshen kuma aka ce ya cusa masa siyasar zamani. Wasu daga cikin littattafan nan raunana ne, babu musu, an manta da su kuma sun cancanci a manta. To bayan fiye da shekara hamsin ana wannan aiki, wa zai nuna mini shafi ɗaya na Casino Royale, littafin Bond na farko, da ya ɓata saboda Gardner ya yi rubutu? Babu. Fleming yana nan yadda yake. Abin da aka samu ma ƙari ne: wurin da ake gana wa Bond azaba a fim ɗin Spectre na 2015, daga littafin Amis aka ɗebo wasu kalamansa, littafin da wasu suka ce tun farko bai kamata a rubuta ba.

Kuma akwai ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. William Boyd, wanda aka haifa a Accra a 1952 ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya, ya rubuta Solo a 2013. Ya ɗauki Bond ya kai shi wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka ta Yamma mai suna Zanzarim, a shekarar 1969, ana yaƙin basasa a kan yankin da ke da man fetur. Duk ɗan Najeriyar da ya karanta ya san yaƙin da ake nufi. Kana iya jin haushin yadda Boyd ya zana mu, kana iya yaba masa, wannan muhawara ce mai kyau kuma ina son ta. Amma da an bi ta masu cewa a rufe ƙofa da rasuwar Fleming, da babu wannan littafin ballantana a yi muhawarar.

Ba ina cewa duk wani ƙorafi shirme ba ne. Akwai inda ni ma nake ɗaga gira. A bangon Karla's Choice an rubuta cewa littafin John le Carré ne, ga kuma sunan Harkaway. Na fahimci nufin, wato labari ne daga duniyar le Carré, amma kalmar tana da santsi, kuma kamfanonin ɗab'i sun san abin da suke yi. Mun ga inda wannan hanyar ta kai wasu. Cikin marubutan Amurka, Robert Ludlum ya rasu a 2001, Tom Clancy ya rasu a 2013, amma har yanzu littattafai na fitowa da sunayensu da manyan baƙaƙe a sama, wanda ya yi wahalar rubutun kuma sunansa na ƙasa. Mai saye cikin gaggawa a filin jirgin sama zai iya biyan kuɗinsa bai san marubucin da yake nema ya daɗe a ƙasa ba. Wannan kam abin a yi magana ne. A sa sunan mai rai a inda ido zai fara sauka, a bar na mamaci a matsayin bayani. Ban kuma da tabbacin cewa magada za su san inda za su tsaya ba, domin kuɗi ba ya cewa ya isa. In aka mai da Smiley abin fitarwa duk shekara kamar kalanda, ni ne zan fara zuwa nan in faɗa. Sai dai wannan faɗa ne da kasuwa da masu tallan littafi, ba hujja ba ce ta ƙin karanta abin da mutum ya zauna ya rubuta da gaskiya, ya sa sunansa a kai.

In ana neman inda da gaske aka ɗauke wa masu karatu wani abu, ga shi. A 2023, lokacin cikar Casino Royale shekara saba'in, kamfanin da ke kula da ayyukan Fleming ya sake buga littattafansa bayan an cire ko an sauya wasu kalmomi na wariyar launin fata. Kalmomin munana ne, ni baƙar fata ne, ba sai an gaya mini zafinsu ba. Amma Fleming ne ya rubuta su, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya san wane irin mutum ne ya ƙirƙiro Bond da wane irin zamani ya haife shi. A nan an taɓa asali. A nan wanda ya sayi sabon bugu ya karɓi abin da ba shi marubucin ya bari ba. Masoya da yawa sun yi fushi a lokacin, kuma fushinsu yana da muhalli. Ku kwatanta da abin da Harkaway ya yi: bai taɓa harafi ɗaya na mahaifinsa ba, ya rubuta nasa daban. Ta yaya za a haɗa waɗannan biyun a kwando ɗaya?

Shi littafin kansa fa? Na karanta shi, kuma zan faɗi abin da na gani. Smiley ya bar aiki yana ƙoƙarin gyara zamansa da matarsa Ann, sai shugaban hukumar ya sake jawo shi saboda wani ɗan ƙasar Hangari mai harkar littattafai a Landan ya ɓace, bayan an turo wani daga Mosko don ya kashe shi. Labarin yana tafiya a hankali, irin tafiyar uban, ta hira a ɗaki da bin takardu da jiran mutum ya yi suɓul da baka. A wurare da dama muryar ta yi kusa da ta le Carré har ka manta. A wasu wuraren kuma kana jin ɗan ya fi uban taushin zuciya, ya fi shi tausaya wa mutanensa, ya kuma ba mata fili fiye da yadda uban ya saba, musamman Ann, wadda a tsofaffin littattafan galibi labarinta kawai ake ji daga bakin wasu. Wani zai ce wannan taushin ya rage ɗacin da ya sa le Carré ya zama le Carré, wato yadda yake nuna cewa hukumar da kake bauta wa za ta sayar da kai ba tare da ta ƙifta ido ba. Wannan suka ce ta gaske, kuma a wani ɓangare na yarda da ita. Manyan jaridun Birtaniya da dama sun yaba wa littafin, amma ko yabonsu bai wajabta wa kowa ya so shi ba.

Irin wannan sukar nake so in ji daga bakin masoya. A ce mini Smiley na shafi kaza ba zai faɗi wannan maganar ba, ga dalili daga littafin 1974. A ce mini Karla na ɗan bai kai na uban ban tsoro ba. A ce mini tsakiyar labarin ta yi jan ƙafa. Duk wanda ya zo da irin wannan, ƙofar shirin nan a buɗe take gare shi, ya aiko mana, za mu karanta a iska ko da ya saɓa da duk abin da na faɗa yau. Amma mutum ya zauna bai buɗe littafi ba, ya ce an wulaƙanta mamaci, an sace gado, an ɓata tarihi, wallahi wannan ba kishin le Carré ba ne, don shi le Carré rayuwarsa duka ya yi ta ne yana rubutu a kan mutanen da ke bin shaida sannu a hankali kafin su ce ga mai laifi.

Mu kwana nan, sai wani makon idan Allah ya kai mu.