Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Bikin Tunawa da Tarihin Naɗar Waƙa

Assalamu alaikum. Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe, da 'yan tawagarka, da iyayenmu da malamanmu da ke zaune a nan, sannunku da zuwa, lale marhabin. Mun san ayyuka sun yi maka yawa amma ka ture su ka taho, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, abin da ya tara mu yau shi ne tuna ranakun da suka canja harkar waƙa a duniya, kuma mu a ƙungiyance mun fi karkata ga tarihin naɗar sauti, don kafin a iya naɗa, mawaƙi komai zaƙin muryarsa in ya rasu ta bi shi, sai dai labari a bakin waɗanda suka ji.

A 1860 wani Bafaranshe, Scott de Martinville, ya kama muryar mutum yana rera waƙa a kan takardar da aka turara da baƙin hayaƙi, shi fa ko tunanin a saurara bai yi ba, zanen sautin kawai yake son gani, sai a 2008 masu bincike a Amurka suka sa kwamfuta ta karanta zanen aka ji muryar, bayan shekara 148! Sai 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke naɗa ta kuma maimaita, kenan a 2027 shekara 150 cif. Bayan shekara 10 Emile Berliner ya zo da garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai. Faifan farko-farko wajen minti 3 yake ɗauka a gefe ɗaya, dole mawaƙi ya taƙaita ko allura ta kai ƙarshe yana tsakiyar baiti, har sai 1948 da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai cin sama da minti 20 a gefe.

Amma ni dai in za a bar ni in zaɓa, 1963 ce shekarar da ta fi cancantar biki, lokacin da Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset. Kafin nan galibi sai wanda kamfani ya ga dama ake ɗauka, kaset kuwa ya miƙa abin hannun kowa, rikoda da batir kawai, ka danna maɓalli biyu tare shi kenan ka naɗi wanda babu situdiyon da zai kalle shi. Wanda ya yi zamanin ya san yadda rikoda ke cinye zare a ciro shi a hankali duk ya cukurkuɗe, a zura biro a rami ana juyawa har ya koma, in ya tsinke a liƙe da salatif waƙa ta ci gaba da ɗan tsallake. Walkman na Sony, ƙaramin injin sauraron kaset na tafi-da-gidanka, ya biyo a 1979, CD a 1982, yanzu kuma komai ya koma waya, wannan yaranmu sun fi mu sani ba sai na ja ba.

To ga kukanmu, ranka ya daɗe, tunda wanda ya zo gaban babba bai ɓoye damuwa. Zaren kaset ba ya dawwama, zafi da laima na cin sa, wasu sun yi fumfuna wasu sun manne, injinan kunnawa masu kyau sun yi wuya, masu gyaran su ma tsufa na kama su. Muna roƙon a taimaka mana da ɗaki mai sanyi da na'urorin kwafe kaset-kaset ɗin zuwa kwamfuta, da horar da matasan da za su riƙe aikin, tun ana iya ceto su.

Yanzu in ka amince, ranka ya daɗe, sai ka taso ka yanke kyalle, ga garmaho can an wana shi, kai za ka ɗora allurar farko. Bismillah.