Darasi: Ranarka ta Farko a Kwalekwalen da Ake Hurawa

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan abin da kuke gani a shimfiɗe a gabana kamar tabarmar roba, kwalekwale ne. Kayak ake ce masa, sunan da ya fito daga mutanen Inuit na yankin ƙanƙara, waɗanda suke lulluɓe nasu da fatar dabba. Wannan kuwa roba ce mai kauri, da famfo ake hura shi. Amurkawa har laƙabi suka yi masa, wai ɗan agwagwa, saboda yadda yake rangaji a kan ruwa.

Ku matso ku gani. Ɗakunan iska 3 gare shi: gefen dama, gefen hagu, sai daɓen da za ka zauna. Ko ɗaya ya sace, sauran za su riƙe ka har ka kai gaɓa. Waɗannan hujojin na ƙasa kuma kada su tsorata ku, da gangan aka yi su, ta nan ruwan da ya fantsamo ciki yake ficewa da kansa. In ka hura, danna da babban yatsa: ya yi tauri amma ya ɗan lotsa. Kuma kada a bar shi a rana a kan tudu, iskar ciki kumbura take yi. In ya shiga ruwan sanyi kuma sai ya ɗan saki, a ƙara masa.

To, wane irin kogi za a kai ka? Akwai ma'aunin da ƙungiyar American Whitewater ta tsara, daga mataki na 1 zuwa na 6. Na 1 ruwa ne mai tafiya da 'yan ƙananan igiyoyi. Na 2 akwai duwatsu da kumfa, amma hanya a buɗe take, kana hango ta daga cikin jirgi. Nan ne gidan ɗan koyo. Na 6 kuwa, ko gwanaye sai sun yi ta shawara. Ka tambayi jagoranka matakin kogin a ranar da za ku shiga, don kogin da ya yi lafiya jiya, in an kwana ana ruwa a sama, yau wani kogin ne daban.

Rigar ceto da hular kwano ba sai na daɗe a kansu ba. Ɗaure rigar tamau, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta kai kunnenka, ba ta ɗauru ba. Takalmi mai maɗauri, ban da silifa, kogi zai karɓe su tun a kwanar farko.

Filafilin nan baki biyu gare shi. Ɗora shi a kanka, gwiwoyin hannu su lanƙwashe daidai, to nan ne mariƙarka. Tsoma bakin kusa da yatsun ƙafarka, ja zuwa ƙugu, cire, sai ɗaya gefen. Da ƙugu da gadon baya ake tuƙi, in ka bar wa damatsa aikin, kafin rabin awa ka gaji tiɓis.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne zancen yake. A ruwa mai gudu, abin da jikinka zai fara raɗa maka, yawanci shi ne kuskuren.

Ka hango dutse a gaba, ido zai kafe a kansa. To jirgi inda ka kalla nan yake bi. Kalli hanya, ka bar dutsen. Yaya za ka gane hanyar? Tsakanin duwatsu biyu za ka ga ruwa ya yi santsi kamar harshe, siffar harafin V, tsininsa yana kallon inda kogi ya nufa. Bi ta tsakiyarsa. In kuwa tsinin kai yake kallo, dutse ne a ɓoye a wurin, kauce. Kuma da ka shiga kumfa kada ka ɗaga filafili sama kana ihu, na san kowa yana yi a karon farko. Ci gaba da tuƙi, hancin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa kai tsaye.

In jirgin ya juya ya bugi dutse da gefe fa? Jiki zai ce ka ja baya daga dutsen. Kana yin haka ka danna gefen da ruwa ke bugowa, ruwa ya hau kansa, ya kifar da kai. Sai dai ka karkata wajen dutsen, kamar za ka rungume shi. Ruwan zai bi ta ƙarƙashi, sau da yawa ma shi zai zagayar da kai ya wuce da kai.

To, ka faɗa ruwa. Ba abin kunya ba ne, jagoran ma ya sha faɗawa. Abin da ba na so ka yi ko da wasa: miƙewa tsaye. Ko da ka ga ruwan iya cinya ne. Ƙasan kogi cike yake da duwatsu masu tsaga, ƙafa ta maƙale, ruwa ya tura ka ta baya ya danne fuskarka, kuma ba ka da ƙarfin da za ka ture kogi. Kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a saman ruwa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe don ka tokare dutse. Ja numfashi tsakanin igiyar ruwa da mai bin ta. Sai ruwa ya lafa, ya dawo ƙasa da gwiwa, sannan ka tashi. Itacen da ya faɗo cikin kogi kuwa, yi iyo da duk ƙarfinka ka nisance shi, rariya ce, ruwa na wucewa, mutum ba ya wucewa.

Jagora zai iya jefo maka igiya daga wannan 'yar jakar. Igiyar za ka kama, in ka kama jakar sai ta yi ta warwarewa. Riƙe ta a ƙirji, ta bi ta kan kafaɗa, kana rigingine. Kada ka naɗa ta a hannu.

Saura alamu, don ƙarar ruwa ba ta barin a ji magana. Jagora ya riƙe filafili a gicciye sama da kansa, tsaya. Ya miƙe shi tsaye, taho. Ya nuna gefe, can za ka bi, ba a nuna wurin haɗari. In ya dafa kansa, tambayarka yake ko lafiya, kai ma ka dafa naka in lafiyar ce. Usur sau 3 kuwa, wani na cikin matsala.

To, ku taya ni ɗaukar jirgin nan, mu gangara bakin ruwa mu gwada shiga.