Moshan a Babbar Kotun Jiha: Inda Takarda Ke Kayar da Mai Gaskiya

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a nan gaba, ina gaisuwa. Ƙannena ɗalibai, ku matso, akwai kujeru.

Moshan roƙo ne. Shari'a tana tafiya, sai wata buƙata ta taso wadda ba za ta jira ranar hukunci ba: a ƙara maka lokaci, a ba ka dama ka gyara takardar ƙara, ko a hana abokin shari'a sayar da filin da ake rikici a kansa. Sai ka roƙi kotu a rubuce. Sashe na 274 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba babban alƙalin kowace jiha ikon tsara ƙa'idojin babbar kotunsa, shi ya sa abin da ka saba a Kano ba lallai ya yi maka aiki a Legas ba. Ka fara buɗe littafin ƙa'idojin jihar da kake tsaye a cikinta.

Takardu uku ne ke tafiya tare: roƙon kansa, da takardar rantsuwa, da jawabin lauya a rubuce. A shekarun da na yi ina wannan aiki, na ga moshan da yawa sun mutu tun alƙali bai kai ga duba wa ke da gaskiya ba. Ta biyun nan ce ta fi kashe su.

Takardar rantsuwa wurin faɗar abin da ya faru ne, ba wurin gardama ba. Sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana sanya hujjar doka, ko roƙo, ko yanke hukunci a cikinta. Ka rubuta cewa wanda ake ƙara ya kawo bulo ya zuba a filin ranar kaza. Kada ka rubuta cewa ya keta doka. Wannan maganar alƙali ce. In kuma mai rantsuwar bai gani da idonsa ba, dole ya faɗi wanda ya gaya masa, da wurin, da lokacin. Mu lauyoyi muna da wata lalaci: mu tura akawun ofis gaban kwamishinan rantsuwa ya rantse a kan rikicin gonar da bai taɓa takawa ba. Ina ƙarami na yi haka, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya sa aka soke mini sakin layi biyar. Abin da ya rage ko sauro ba zai kora ba.

Sai sa hannu. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da moshan saboda sunan ofishin lauyoyi aka sa a wurin sa hannu. Ta ce ofis ba lauya ba ne. Mutumin da sunansa ke cikin rajistar lauyoyi shi ne zai sa hannu. An yi ta kuka cewa hukuncin ya yi tsauri, aka koma gabanta a shari'ar First Bank da Maiwada, ta tsaya a kan bakanta. Hatimin ƙungiyar lauyoyi kuwa, in ka manta da shi, shari'ar Yaki da Bagudu ta 2015 ta nuna ana iya gyarawa. Amma me zai kai ka?

To, ka biya kuɗi a rajista, an buga tambari. Saura isarwa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce a ji ta bakin kowa, don haka sai masinjan kotu ya kai wa ɗaya ɓangaren, ya kuma ajiye shaidar kaiwa a fayil. A Legas kwana 7 ake ba shi ya mayar da martani. Ka bi sawun masinjan nan da kanka, in ba haka ba ranar zama a ɗage maka shari'a kana kallo.

Wani zai ce, ai akwai moshan da ake ji a bayan idon abokin shari'a. Akwai, amma na gaggawa ne na haƙiƙa: katafila na bakin gida, gobe za a rushe. Kotun Ƙoli ta ja kunne a kan haka tun 1989, a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya. A ƙa'idojin Legas umarnin hani irin wannan kwana 7 yake yi ya faɗi, sai in an sabunta shi. 'Yan siyasa sun mayar da shi sandar duka, mu ma da laifinmu, tunda mu ke rubuta musu.

Ɗalibar can ta turo tambaya a takarda: in moshan biyu suka haɗu, ɗaya na neman a kori ƙara saboda kuskure, ɗaya na neman gyara kuskuren, wanne ake fara ji? Na gyaran ake fara ji, 'yata, ko da shi ya zo daga baya. Haka Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Nalsa da NNPC a 1991. Sharaɗin dai kuskuren ya zama mai gyaruwa. In tushen ƙarar ne ya ruɓe, kamar sammacin da lauya bai sa wa hannu ba, babu moshan da zai tashe shi.

Na ji an kira la'asar. In mun dawo, kowa ya fito da biro, za mu rubuta takardar rantsuwa ɗaya tare a kan allo.